Kaza Ta Taka

Laraba, 22 ga Sha'aban, da hantsi

Ni ne Gide ɗan Malam Bilya na Ketare. In an wayi gari an ga jakin liman da rawani, ba a tambayar wanda ya naɗa shi. Da hagu nake wannan rubutu, a bayan takardar buhun siminti, da biron da na ara a aljihun yayana Rabo bai sani ba. Malam ya sha dukana a kan cin tuwo da hagu, yau ga ajami yana fita ta nan, baƙaƙen suna tangaɗi kamar tururuwa ta faɗa tulun burkutu.

Hannun dama yana ɗaure a ƙirjina da kara da tsumma.

Ga yadda aka yi. Ranar Asabar Rabo ya zo daga Kankara, inda yake masinja, da sabon keke Rali na kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka biya ma'aikata, ko ledar sirdi bai cire ba. Ya shiga gaida Inna, ni kuma na ce bari in gaida keken. Na nufi gangaren rafi inda 'yan mata ke wanki, na saki hannu biyu ina kwaikwayon yadda Rabo ke gyara hula in ya hango mutane. Ashe ruwa ya ci hanya ya bar rami. Rami kuwa bai san wasa ba.

Rabo keken ya fara dubawa. Ban ga laifinshi ba, ya fi ni tsada.

Yanzu ina ƙauyen Baba Barau, bayan Sheme, a ƙasar Faskari. Bamaguje ne, ɗori gadon gidansu ne tun kaka da kakanni. Shi ya ɗora cinyar Malam lokacin da sa ya take shi, tun ba a haife ni ba. Daga ranar Malam ba ya haɗa hannun Baba Barau da na kowa.

Alhamis, 23, bayan azahar

Ranar da aka kawo ni, ƙarti huɗu suka danne ni, Baba Barau ya sa ƙafa a hammatata ya ja. Na kira Inna, na kira kakata da ta rasu, na kira Rabo da sunan da ba na rubutawa. Da ya gama ɗauri sai matarshi, Inna Larai, ta miƙo mashi kaza mai wake-wake. Ya shafa kafaɗata, ya shafa ƙafar kazar, sai ji na yi ƙas. Ya ɗaure mata tsinken kara da jan zare, ya kife ta da kwando a ƙofar ɗakina.

Na ce, "Baba, ita kuma wane keke ta hau?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Naka ta hau. Ciwonku ɗaya yanzu. Ran da ta taka, in kwance ka, ka tahi gida. In an yi sati uku ba ta taka ba, aikin ba na gidan ga ba ne, sai in sallame ka ka nemi inda ya fi. Haka ubana ya yi, haka ubanshi."

"Kafin nan fa, Baba?"

"Kafin nan ba ka ƙetare dokin ƙofar ga."

Ɗakin taku huɗu ne. Na auna.

Asabar, 25, da safe

Kaza kwance. Ni kwance.

Litinin, 27, bayan la'asar

Suwaibatu ke kawo mani abinci daga Sheme. Ɗiyar kawuna ce, abokiyar wasana, tun muna yara ba ta kirana sai bawanta.

Ta leƙo ta ce, "Bawana, ina uwargida?" tana nuna kwando.

Na ce, "Tana jego. Ke ma ranarki na zuwa."

"Allah ya tsare ni da mijin da keke ya kayar a gaban 'yan mata."

Ita ta tuna mani abin da nake ta korewa daga raina. Goma ga azumi ake fara tashe. Shekara uku ni ne gaba a tashen Ketare, kuma bana na shirya wasan da ba a taɓa gani ba: mai sabon kuɗi, da rediyon kwali bisa kafaɗa, agogo biyu a hannu ɗaya, yana tambayar mutane ƙarfe nawa. In ba na nan, Almu abokin tashenmu za a ba. Almu kuwa in ya yi barkwanci sai ka ji kamar ana karanta maka takardar haraji.

Sati uku sai sha ɗaya ga azumi. Na ƙirga sau uku, bai ragu ba.

Laraba, 29, da azahar

Tankar jinkar ɗakin nan ashirin da bakwai ce. Akwai ƙadangare mai gutsuren wutsiya, na sa mashi suna Rabo.

Kiyashi na tafiya a cikin yatsuna. Baba Barau ya zo ya taɓa kafaɗar, ya daɗe yana lalube. Ya ɗaga kwando ya taɓa kaza. Ya mayar da kwandon ya fita.

Alhamis, 1 ga azumi, bayan shan ruwa

Mutanen gidan nan ba su azumi, amma Inna Larai ta hana kowa cin abinci inda zan gani, kuma ita ta dama mani kunun buɗa baki da hannunta. Ta ce, "Sha, ɗan Malam, kada Allahnku ya ce mun bar ka da yunwa."

Suwaibatu ta tsuguna tana kallon kazar ta ramin kwando, ta ce, "Ikon Allah. Innarmu na da irinta sak, kamar an tsaga kara."

Na ƙura wa kwandon ido. Inna takan ce surutuna ba ya ba ta tsoro, shiruna ne.

Juma'a, 2, da hantsi

Idon Baba Barau ya yi rauni. Da murya yake gane mutum. Ba wani abu ba ne, na dai rubuta.

Asabar, 3, bayan la'asar

Mutanen gida duk sun tafi gona. Suwaibatu ta zo da kwando rufe da zane. Ta koma da kwando rufe da zane. Ta iya ƙulla jan zare, ban san ta iya ba.

Ba abin da ya faru yau.

Lahadi, 4, da hantsi

Kaza ta taka.

Inna Larai ce ta ɗaga kwando don ta zuba mata tsaki, sai kaza ta zabura da tsinkenta da zarenta, ta tsallake turmi ta bi fara. Inna Larai ta rangaɗa guɗa. Kafin a jima gida ya cika.

Aka kamo ta aka ba Baba Barau. Ya kwance zaren, ya bi ƙafar da yatsa. Ya ce, "Ko ƙullin karaya babu." Wani tsoho ya ce shi bai taɓa jin irin wannan ba, sati biyu, lallai hannun Barau ya wuce na ubanshi.

Ya shigo ya kwance ni. Ya ce, "Ɗaga." Na karkata jiki na jefa hannun gaba, na cije haƙori ina murmushi. Na ce garau nake ji. Ya sa yatsu a kafaɗar, ya danna nan, ya danna can. Ya ce a sake miƙo mashi kaza. Ya taɓa ta, ya dawo ya taɓa ni. Mutane na ƙofa suna jira.

Can ya ce, a hankali, kamar da kanshi yake magana, "Yatsuna na ce mani wani abu, kaza na ce mani wani. Amma kaza ba ta taɓa yi wa gidan ga ƙarya ba." Ya ɗaga murya ya ce, "Tahi gida, ɗan Malam. Ka riƙa motsa shi."

Na ƙetare dokin ƙofa. Na zaci zan ji daɗi fiye da haka.

Talata, 6, Ketare, da azahar

Malam ya aika wa Baba Barau tunkiya. A masallaci ba ya da zance sai na sati biyu. Duk wanda ya zo duba ni sai ya ba shi labarin cinyarshi, sannan na kazata.

Na cire riga na duba. Kafaɗar hagu kamar malmalar tuwo. Ta dama kamar an yi loma biyu a ciki an bari.

Zai cika. Sai a hankali.

Lahadi, 11, da safe

Jiya bayan isha muka fita tashe. Rediyon bai zauna bisa dama ba, na mayar da shi hagu. Hannun dama na reto da agogonshi biyu na kwali, mutane suka zaci cikin wasan ne, wai agogo sun yi wa mai sabon kuɗi nauyi. Dariya har da masu riƙe ciki. A ƙofar gidan mai unguwa wani ya ce, "Kai Gide, Allah ya shirye ka!" ya ɗaka mani duka a kafaɗa don yabo. Na durƙushe ina kiran sunan Allah. Suka ƙara fashewa. Wata tsohuwa ta ce in sake yin wurin faɗuwar, ba ta gani da kyau ba.

Yau sati uku cif. Ban san abin da ya sa na ƙirga ba.

Litinin, 12, bayan la'asar

Na ba Almu rediyon.

Laraba, 14, da azahar

Na ce wa Malam hannun na yi mani ciwo. Ya ce, "Kaza ta taka ko ba ta taka ba?"

"Ta taka, Malam."

"To ragwanci ne. Barau ya ce ka motsa shi. Gero ya nuna, ɗauki lauje ka bi mu."

Sau uku lauje na faɗuwa daga hannuna. Na uku ban san ya faɗi ba sai da na ga hannun wayam.

Alhamis, 15, kafin shan ruwa

Inna ta same ni ina ɗaure mazagin wando da hagu da haƙori. Ta tsaya tana kallona. Ba ta ce, "Me ya same ka?" ba. Ta ce, "Gide, me ka yi?"

Na ce mata ina koyon sabon wasa ne.

Asabar, 17, da la'asar

Rabo ya zo. Ya kalli kafaɗar ya ce wa Malam a kai ni asibiti a yi hoto. Ban taɓa ganin Malam ya tashi tsaye don fushi da azumi a bakinshi ba sai yau.

Ya ce, "Barau ya sallami yaro a gaban jama'a, ni kuma in kwashe shi in kai wa likita? Me na ce ke nan? Na ce wa ƙasar nan kaf mutumin da ya tsayar da ni bisa ƙafafuna maƙaryaci ne. Don ka sa wandon kaki shi ya sa kake ganin ka fi kowa ido?"

Da Rabo zai tafi ya ce mani yanzu har daga Sabuwa ake ɗauko masu karaya zuwa wurin Baba Barau, saboda labarina.

A can an hana ni ƙetare ƙofa ɗaya. A nan duk ƙofofi a buɗe suke, ban ga ta fita ba.

Litinin, 19, da hantsi

Kawu ya zo gaida Inna, Suwaibatu ta biyo shi. Ta same ni bayan rumbu. Ba ta ce bawana ba.

"Gide, baƙuwar nan tana nan kwance."

"Wace baƙuwa?"

"Kada ka yi mani haka. Na ɓoye ta a tsohon akurki, ni ke ba ta ruwa. Ƙafar ta bushe ta lanƙwashe. Ko sau ɗaya ba ta taka ba." Ta kalli hannuna. "Ɗaga in gani."

Na ce ai ba a ɗaga wa mace hannu sai da dalili.

"Ɗaga, don girman Allah."

Ya kai cibiya ya tsaya. Ta toshe baki da gefen mayafi.

Na ce, "A yanka ta mana a sha romo, magana ta ƙare."

Ta ce, "In an yanka ta naka zai miƙe?"

Laraba, 21, da safe

Na auna damtse biyu da zare. Na dama ya rage da faɗin yatsa biyu.

Alhamis, 22, da azahar

Ranar da Suwaibatu ta zo da kwando, kwana takwas kawai suka rage sati uku ya cika. Da na jira, da Baba Barau da kanshi zai ce a tafi inda ya fi.

Asabar, 24, bayan shan ruwa

Ina zaune kusa da murhu Inna na suyar ƙosai, ina ba ta labarin yadda Almu ya kashe wasana. Sai ta ce, "Me ke ƙauri?" Muka duba ko'ina. Garwashi ne ya yi tsalle ya sauka bisa damtsena, ya ci riga, ya fara cin fata. Hancina ya ji. Hannun bai ji ba.

Inna ta ajiye matsami ta zauna a ƙasa.

Na tashi na sami Malam a zaure. Na durƙusa na faɗa mashi. Duka, har da jan zare. Na ce Suwaibatu ba ta da laifi, ni na sa ta.

Bai buge ni ba. Da ma ya buga.

Litinin, 26, da la'asar

Mun je Sheme, ni da Malam. A mota bai ce mani ko kanzil ba. Muka biya gidan Kawu, shi ya ɗauki kwandon da hannunshi, malami guda da kaza a tsakiyar titi, mutane na gaishe shi yana amsawa da ka.

Baba Barau na zaune gindin tsamiya, masu jinya a rumfa sun fi na da yawa. Malam ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba, ya ajiye kwandon a gabanshi ya ce, "Barau, na kawo maka kunyata."

Tsohon ya sa hannu ya ɗauko ta. Ya bi ƙafar da yatsa sau ɗaya tak. Ya ce, "Wagga ce tawa."

Inna Larai ta juya ta shige gida.

Ya ce, "Matso, ɗan Malam." Ya taɓa kafaɗar, ya taɓa ƙunar. "Ka ji nan?" Na ce a'a. "Nan fa?" Na ce kaɗan.

Malam ya fara ba da haƙuri, ya ɗaga mashi hannu. "Bari, Malam. Yaro ya yi yarinta. Ni da na shekara hamsin ina taɓa ƙashi, yatsuna suka faɗa mani gaskiya, na ƙi su na bi tsuntsuwa don mutane na kallo. Wannan nawa ne." Ya juyo wajena. "Amma kai, da ka bar ta ta faɗi abin da ta zo faɗi, da tuni kana inda ya kamata."

Na dubi lanƙwasasshiyar ƙafar kazar.

Ya ce akwai wani ɗan ƙanenshi a Sabuwa, Kofur Ɗanhausa, tsohon soja. Bayan yaƙi ya faɗo daga motar kaya, aka kawo shi, kazarshi ba ta taka ba, ya sallame shi. Bayan wata huɗu ya dawo yana ɗaga hannu har sama. "Ku tambaye shi wa ya yi mashi. Ku tahi gobe. Ƙashi ba ya jiran Sallah."

Laraba, 28, Sabuwa, bayan azahar

Kwana muka yi a hanya, mota ta kafe a laka sau biyu. Kowa ya sauka ya tura, ni na tsaya gefe da mata masu goyo.

Kofur gajere ne mai murya kamar ganga. Yana jin sunan Baba Barau ya tuɓe riga a tsakar kasuwa ya nuna mana ɗinki daga kafaɗa zuwa ƙirji, ya yi ta juya hannun kamar mai korar tsuntsaye a gonar dawa.

Malam ya ce, "Kofur, an ce in an shiga da hannu wurinsu yanke shi suke."

"Malam, ga nawa. A jikina ka gan shi ko a aljihu?"

Ya ce likitan Ba'indiye ne, siriri, mai gashi a kunne, yana asibitin ƙashi a Kano. Sunan ya ɓace mashi, amma kowa ya san shi da likitan kafaɗa. Ba a zuwa mashi kai tsaye, sai an fara zuwa Funtuwa an yi hoto an karɓi takarda. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne na kazar? Labarinka ya riga ka zuwa. Da a bariki ka yi wannan, da ka share fili da harshe."

Ashe an ji. Har nan.

Asabar, ranar Sallah, Ketare, da hantsi

An yi hoton shekaranjiya, an ba mu takarda.

Sabuwar riga ba ta shiga ba sai da Inna ta farke hammata. Ban je idi ba. Ina jin su suna wucewa.

Malam yana magana da Inna, da Rabo, da akuya. In abu ya shafe ni sai ya ce wa Inna, "Ki ce mashi."

Laraba, 5 ga watan Sallah, Kano, da azahar

Muna barandar asibiti, ni da Malam, kwana biyu ke nan. Duk wanda kuɗin Udojin nan suka shiga hannunshi ya sayi babur, duk wanda ya sayi babur yana nan. Na kusa da ni ya tambayi abin da ya kayar da ni, da na ce keke sai ya gyara zama ya ba ni baya. Ko a karaya akwai manya.

Likitan kafaɗa ranar Litinin yake ganin sababbi. Malam na jan carbi. Ya sayo mani gurasa ya ajiye a tsakaninmu, kamar mai ajiye wa kyanwa.

Litinin, 10, bayan la'asar

Na gan shi. Gashin kunnen na nan yadda Kofur ya faɗa.

Ya ɗaga hoton wajen taga, ya taɓa ni da yatsu masu sanyi, ya tsikare ni da allura yana tambaya ta bakin tafinta ko na ji. Ya ce yaushe na faɗi. Malam ya ce sati bakwai. Likita ya cire tabarau ya murza ido.

Tafinta ya ce kan ƙashin ya fita daga gidanshi, ɗan ɓalli ya tsage ya tokare hanya, shi ya sa ja bai mayar da shi ba. Yanzu nama ya cike gidan. Da a sati na uku ko na huɗu ne, da wataƙila aikin ƙarami ne. Yanzu sai wuƙa, kuma ba ya alkawarin inda hannun zai kai.

Sai ya ce me ya tsayar da mu.

Malam ya juyo ya dube ni. Rabonshi da kallon idona tun Ketare.

Na ce, "Kaza."

Tafinta ya dube ni, ya dubi Malam, ya ce wa likita wani abu gajere. Ban ji kamar kaza ya ce ba.

Laraba, 12, da asuba

Yau ne. An hana ni ko ruwa. Na ce wa nas ashe azumi bai ƙare ba a Kano, ta ce in kwanta in rufe baki.

Ina jin tsoro. Ba wanda zai karanta wannan, don haka na rubuta.

Litinin, 17, da hantsi

Hannun yana nan, a jiki. Ɗaure a ƙirji kamar farko, sai dai da farin ƙyalle. Ɗakin ya fi taku huɗu, gadaje ashirin, amma ba a sauka.

Ba kwando a ƙofa. Ba wanda zan leƙa in ga ko na warke.

Lahadi, 8 ga watan bawa, da azahar

An kwance. Kullum wata ma'aikaciya na tsayar da ni gaban bango, in sa yatsu su hau kamar gizo-gizo. Inda suka tsaya ta ja layi da alli. Ƙirji. Washegari ƙirji. Haɓa. Ina zufa, ina zagin bango a zuci. Wurin ƙunar ya fara jin ƙaiƙayi, likita ya ce albishir ne.

Lahadi, 22, Sheme, bayan la'asar

An sallame mu. Layin ƙarshe daidai kunnena. Likita ya ce in na dage zai ƙara kaɗan, amma kada in sa rai da sama da kai.

Malam ya ce wa direba a sauke mu a Sheme, ba tare da ya gaya mani ba.

Rumfar Baba Barau mutum ɗaya ne a ciki. Ba kwando a ƙofar ɗakin. Inna Larai ta ce yanzu a ɗakin Baba Barau kazar mai jinya ke kwana, ƙarƙashin gado. Ta amsa gaisuwata, ba ta kawo mani ruwa ba.

Baba Barau ya ce in tuɓe. Ya bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe, ya koma. Ya juya hannun a hankali yana saurare da tafinshi.

"Ya shiga gidanshi," ya ce. "Wanda ya yi wannan, yatsunshi yake bi ko hoto?"

"Duka biyu, Baba."

"To ya fi ni da ɗaya. Ɗaga."

Na ɗaga. Ya laluba ya sami yatsuna a gefen kunne.

"Nan ya tsaya?"

"Nan, Baba. Ka yafe mani."

"Na yafe tun ran nan. Ni suna na rasa, suna kuwa yakan dawo in mutum ya daɗe. Abin da ke tsakanin kunnenka da sama, shi ban san wa za ka roƙa ba."

Juma'a, 27, Ketare, da hantsi

Ana kwasar dawa. Na bi su gona, na ɗaure ɗan ƙaramin dami da hagu da gwiwa, ya ɗauru. Sai ɗauka. Dami ba ya hawa kai da hannu ɗaya. Na gwada sau biyu, ya zame.

Na ja shi bakin hanya na tsaya jiran wanda zai aza mani.

Almu ya zo wucewa. Na ce, "Taimaka mani." Ya zagaya damin yana leƙe, ya ce, "Me ka sa a ciki, kunama?" Ya wuce yana dariya. Wata mata mai tallan fura ta ce, "Gide, ni ba ka kama ni yau," ta ratse ta cikin kara.

Na daina kira. Rana ta ɗaga. Na tsaya ni da dami.

Malam ya fito daga gona da nashi bisa kai. Ya wuce ni taku biyar. Ya tsaya. Ya sauke nashi a ƙasa, ya dawo, ya kama gefe ɗaya.

Ya ce, "Kama can da hagun. Durƙusa. A'a, ƙara durƙusawa. Haka za ka riƙa yi."

Ya aza mani. Ya riƙe har sai da wuyana ya tsaya.